Hannun Kalilu Wanzami

Tun da rawar hannu ta kama Kalilu wanzami, mutanen Dutsi suka daina miƙa masa kawunansu. Ana nan sai masu binciken cututtukan jijiya suka zo daga jami'a, suka sa shi cikin waɗanda ake gwada sabon magani a kansu. Hannun ya lafa, har ya sake wasa askarsa.

Sharaɗinsu ɗaya ne. Duk ranar da za su zo auna shi, kada ya sha maganin tun jajibiri, don su ga cutar yadda take. Wannan karon ranar ta faɗo daidai da sunan jikansa na fari.

"Baba, ka sha abinka, wa zai gaya musu?" in ji ɗansa Misbahu.

"Na riga na yi musu alkawari."

Da hantsi aka fito da jaririn zaure domin aski. Kalilu ya ɗauki aska, tana ta kaɗawa a hannunsa. Misbahu ya dubi askar, ya dubi maɗigar ɗansa, sannan ya aika bakin kasuwa a kira wani wanzamin.

Bayan azahar Likita Haulatu, ɗaya daga cikin masu binciken, ta iso da kyamara. Ta sa Kalilu ya miƙe hannuwa, ta daɗe tana ɗauka.

"Madalla, Baba, yau kam rawar ta fito sosai. Ɗalibaina ba su taɓa ganin mai kyau irin wannan ba. Na ga tabarmi a waje, taro kuka yi?"

"Suna aka yi."

"Allah ya raya. Ɗan ƙara ɗaga na daman."