Maganar da Ta Rage Tsakanin Dogo da Yaya

Dogo mai walda ya dawo daga jana'izar yayansa da fushinsa yadda ya tafi da shi. Sun yi shekaru ba sa ga maciji, tun da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali a gidan Yaya, ba a kira shi ba sai da ta cika. Yaya bai taɓa ba shi haƙuri ba, shi ma bai taɓa tambayar dalili ba.

A bakin kabari Fasto ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Yesu ya tashi, yayanka ma zai tashi. Za ku sake ganin juna."

Maganar nan ce ta hana shi sakat. A shago sai ya ɗora ƙarfe a karkace, ya liƙe, ya sake yankewa. Ranar da ya ƙona hannun rigarsa, matarsa ta kawo masa abinci ta tarar da shi zaune kan tsohuwar taya yana huci.

"Baban yara, me ƙarfen ya yi maka?"

"Kowa sai ce mini yake za mu sadu, za mu sadu. In mun sadu in ce masa me? Mutum ya tafi ya bar ka da magana a baki, kuma wai murna za ka yi."

"To ka yarda zai tashi, ko ba ka yarda ba?"

"Na yarda mana. Ai shi ne damuwar. Da a ce ƙasa ta rufe shi ke nan, da na ce magana ta ƙare, na huta."

Ta ajiye kwanon. "Ashe ba ta ƙare ba. Shi dai sai an busa ƙaho. Amma matarsa tana nan da ranta, ita ba sai ka jira mala'ika ba."

Ya harare ta, ya ci abincinsa. Da yamma ya rufe shago ya tafi.

Matar Yaya tana shanya kaya a tsakar gida. Ta amsa gaisuwarsa ba yabo ba fallasa, ta tura masa kujera da ƙafa. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya tambaye ta me ya sa ba a kira shi ba kafin Mama ta cika.

"Likita ne ya ce Mama da sauƙi," in ji ta. "Yayanka ya ce kada a tayar maka da hankali, gobe zai kira ka. Kafin gari ya waye ta tafi. Daga nan kunya ta kama shi, kai kuma ka ɗaure fuska. Ya sha zuwa bakin layinku ya juyo."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Taurin kai ne, ku biyun duka."

Dogo ya ji kamar ya fasa wani abu. Shekarun nan duka, a kan wannan. Kuma wanda ya kamata ya yi wa faɗan ba ya nan.

"In ya tashi, sai na gaya masa magana," ya ce.

"Ka bi layi, ni ce a gaba." Ta matse riga ta rataya. "Kafin nan, ƙofar gidan nan ta ɓalle tun yana asibiti. Da igiya nake ɗaure ta."

Ya je ya girgiza ƙofar, ya yi tsaki. Wani ne can ya yi aikin, ba shi ba.

"Asabar zan zo da inji," ya ce. "Kada kowa ya taɓa ta."