Agogon Tashar Gusau

Agogon aljihun mahaifina na azurfa ne, mai murfi, an zana kan jirgin ƙasa a bayansa. Ya same shi ne lokacin da yake aikin reluwe a tashar Gusau. Ni ban yi nisa a boko ba, amma tun ina yaro nakan buɗe bayansa in zuba wa ƙafafun nan masu haƙora ido, ƙaramar na tura babbar, har in manta an aike ni. Da na tsufa na ga jikoki sun fara kai masa hannu, sai na kai shi gidan tarihin da Alhaji Yari ya buɗe a zauren gidansa a Gusau. Ajiya na ce masa, shi ma ajiya ya ce. Ya sa shi cikin akwatin gilashi, tsakanin wani takobi da tsohuwar fitila.

Alhaji ya rasu bara. Ran nan ina zaune a tashar motar Tsafe sai na ji wani direba yana cewa magada za su sayar da kayan gidan tarihin kaf ga wani mutumin Abuja. Ko gida ban koma ba, na shiga mota.

Na tarar ana ɗaure kaya cikin kwalaye. Akwatin gilashin yana nan, takobi da fitila suna ciki, wurin agogon kuwa sai ɗan zagaye a jikin ƙyallen. Mansura, 'yar Alhajin, ita ke tsaye a kan aikin. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce tun da babanta ya kwanta ciwo ba ta sake ganin agogo a wurin ba. Da take maganar ba ni take kallo ba, mai sayen take kallo, mutumin Abujan da ke tsaye a gefe.

Shi kuma dogo ne, hannunsa ɗaya bai fita daga aljihun rigarsa ba tun shigowata. Ya ce shi ba ya sayen agogo. Can kuma ya tambaye ni ko mai hoton jirgi ne a baya.

"Wa ya gaya maka da jirgi, Alhaji?" na ce.

Ya yi dariya, ya ce ai duk agogon reluwe haka suke. Ban yarda ba. Na zauna a bakin ƙofa, na ce kwali ɗaya ba zai fita ba sai an buɗe shi a gabana. Mansura ta ɓata rai, amma ta sa aka buɗe. Akwai tasoshi, akwai linzami da likkafa, har da wani ƙoƙon kan kada da na so in tsaya in duba. Agogo dai babu. Ta ce wallahi abin da ya bar gidan nan buhu ɗaya ne na layu da suka samu a ɗakin babanta. Mai sayen ya nema, innarta ta hana, ta ce ba a buɗe layar mutum, ba a kuma sayar da ita. Da safe aka ba Bawa direba ya kai gonarsu ta Bungudu ya binne.

Sai na tuna wani abu. Alhaji Yari jikan dukawa ne, kuma duk abin da yake tsoron ya ɓata, fata yake samu ya ɗinke shi a ciki. Na taɓa ganin ya yi wa wani tsohon zobe haka. Da na faɗa, Mansura ta dube ni kamar ni ne ɓarawon. Ta tambaya ko dai wata laya nake nema na fake da agogo. Duk da haka ta ɗauko makullin mota. Mai sayen ya ce zai raka mu, muka haɗa baki muka ce ya zauna.

A Bungudu mun iske Bawa ya gama haƙa rami a gindin wata tsamiya, ya juye rabin buhun.

"Baba, da girmanka za ka tona layar mamaci?" ya ce. "Ni dai ba hannuna."

Na ce ba buɗewa zan yi ba, ɗagawa kawai. Na durƙusa ina ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Yawanci ba su da nauyi, takarda ce a ciki. Sai na kai ga wata zagayayya, jar fata, da sabon ɗinki, ta cika tafin hannu. Na girgiza ta a kunne, na ji sarƙa ta zame a ciki. Bawa ya ja da baya yana a'uziyya.

Na miƙa wa Mansura, don ɗinkin babanta ne, ba ni zan farke shi ba. Ta daɗe tana juya ta. Ta nemi wuƙa, Bawa ya ce tasa ba za ta taɓa wannan abu ba. Sai ta cire fil daga mayafinta, ta riƙa tsinke zaren a hankali, har azurfa ta leƙo.

Na wana shi, na kara a kunne. Ya yi gardama kaɗan, sannan ya kama tafiya.

Mansura ba ta ce in bar shi ba. Ramin take kallo, da sauran layun da ke cikinsa. Bawa ya tambaya ko ya rufe. Ta ce ya dakata, ya kwashe su ya mayar cikin buhu, kuma kada mutumin Abuja ya ji. Daga nan ta juyo gare ni, ta ce kada in kuskura in faɗa a tashar Tsafe. Na zura agogon a aljihun ciki, na dafe shi da hannu, na ce in sha Allahu.