Baban Ɗaki

Wanda ya ce kishi kumallon mata ne bai taɓa kwanciya ciwo yana jiyo 'yarsa ta taga tana kiran wani Baba ba. Ni na ji. Kuma wanin nan ba bare ba ne, Auta ne, ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni kafinta ne, ko in ce da can, don yanzu guduma ma sai na lallaɓa nake ɗaga ta. Da ciki abin ya fara: murɗa, sai gudawa, sai na soma ganin jini. Na ɓoye, na yi ta shan jiƙe-jiƙe. Ana nan sai gwiwar dama ta kumbura suntum, tana sacewa ta hagu ta karɓa. Wuyan hannu ya bi sahu. In na farka da safe ƙuguna a sandare yake, sai rana ta ɗaga yake saki. Baki ya yi gyambo, ido ɗaya ya kaɗa ya yi jajir. Da likita ya ce duk wannan daga kumburin hanji ne, na ce, "Haba likita, ina ruwan biri da gada? Hanji na ciki, gwiwa na ƙasa." Ya ce in dai lura, duk ranar da cikin ya tashi gwiwar za ta bi shi. Na lura kuwa, gaskiyarsa ce. Ya kuma hana ni maganin ciwon jikin nan na kemis, wai yana ƙara tayar da hanjin.

To sai na zama ɗan ɗaki. Daga katifa zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa katifa. Auta ya riƙe shago, kuma kada in ci haƙƙinsa, ya riƙe shi da kyau. Shi ke kai 'yata makaranta, shi ke ɗauko ta. Aku muke ce mata, saboda bakinta ba ya hutawa kuma duk abin da ta ji sai ta maimaita. Ba ta daɗe da shiga ajin 'yan ƙanana ba ciwon ya kwantar da ni.

Kullum da safe ina kallonsu ta labule. Auta zai durƙusa, ta ɗare wuyansa, ta kama kunnuwansa biyu ta ce, "Tashi, mota!" Ya miƙe zumbur, ko gwiwarsa ba ta ƙara. Wallahi har ƙafafun yaron nan nake yi wa hassada. Da yamma in ta shigo gaishe ni, sai in ji ƙanshin garin katako a gashinta. Ƙanshina ne wannan fa. Da a jikina take kwaso shi.

Baba Ƙarami take ce masa tun tana koyon magana, ni na koya mata da bakina. Ban san ranar da wutsiyar sunan ta guntule ba. Na dai ji wata safiya tana ihu a tsakar gida, "Baba, takalmina!" Har na yunƙura zan amsa, sai na ji Auta ya ce, "Ga shi nan ƙarƙashin kujera."

Na ɗaga labule. "Ke! Baba Ƙarami ake cewa."

Ta juyo ta dube ni, ta dubi Auta tun daga ƙasa har sama. "Ai ba ƙarami ba ne. Ya fi ka girma."

Auta ya fashe da dariya, ya ga fuskata, ya haɗiye ta. Ya ce, "Aku, ki riƙa faɗa daidai, kin ji?" Wannan kirkin nasa shi ya fi ba ni haushi. Da mugu ne da na sami abin zagi.

Bayan 'yan kwanaki na jiyo ta tana yi wa 'yar maƙwabta bayani a bakin ƙofa. "Mu Baba biyu gare mu. Da Baba, da Baban Ɗaki. Baban Ɗaki ba ya fita, kullum yana banɗaki."

Matata na yanka albasa a lokacin. Na ga kafaɗarta na rawa.

"Dariya kike yi?"

"Albasa ce, maigida."

"Albasa ba ta sa kafaɗa rawa."

Ta ajiye wuƙar ta zo bakin ƙofa. "Yanzu kai da girmanka za ka tsaya kishi da ƙanenka? Yaron nan tun asuba yake tsaye saboda mu. Maganar yara ce, gobe ta manta."

Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce to Allah ya ba mai ɗaki lafiya, ta koma kan albasarta. Ni kuwa na kwanta ina lissafin abin da ba na so in lissafa. Yarinya na girma. In ta saba a haka, ni zan zama mutumin da ake leƙawa a gaisar, shi kuma ya zama uban.

Da na sami sauƙi na kwana biyu, cikin ya lafa, gwiwa ta ɗan sace, sai na ƙudura ni zan ɗauko ta daga makaranta. Na tura Auta ya kai wata ƙofa da muka gama can ƙarshen gari, na ce ya tsaya ya kafa ta da kansa. Tun safe ban sa komai a bakina ba sai kurɓin ruwa, don mai irin ciwona ya san cikin da babu komai ya fi amana. Na sa rigata mai kyau, ta yi min yawa, na ƙara huda ɗamarar wando da ƙusa. Matata ta ce in ɗauki sanda. Na ce Allah ya kiyaye, 'yata ba za ta gan ni da sanda a gaban ƙawayenta ba.

Makarantar tana can cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Na sauka a bakin titi na taka. Lungun da a da nake ratsawa da katako a kafaɗa, ranar sai da na huta a jikin katanga, na sake hutawa a bakin shagon wani tela. Kafin in isa gwiwar hagu ta fara ɗumi.

Maigadi ya tare ni a ƙofa. Na faɗi sunan yarinyar na gaskiya da ajinta.

"Kai ne wa?"

"Mahaifinta."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Malam, na san babanta. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, kullum a wuya yake kawo ta. Mu ba ma ba da yaro sai ga wanda muka sani."

"Wannan ƙanena ne! Ni na haife ta!"

"Kowa ma haka zai ce."

Murya ta ɗaga, iyaye suka fara juyowa. Malamar ajinsu ta fito riƙe da hannun Aku, ta sunkuya ta tambaye ta a hankali, "Kin san wannan mutumin?"

Aku ta buɗe baki da ido. "Lah! Baban Ɗaki ne! Ya fito!"

Murna take yi, na gani, har da tsalle. Amma tana gama tsallen sai ta leƙa bayana, ta leƙa ɗaya gefen. "Ina Baba?"

Malamar ta ce in yi haƙuri, bari ta kira lambar da suke da ita. Lambar Auta ce. Ina tsaye ina ji tana tambayar ƙanena ko ya yarda a ba ni 'yata. Kai, duniya! Sai ciki ya murɗa. Na san murɗar nan, ba ta jira. Gumi ya karyo min. Ni da nake ta faɗa yanzu-yanzu, sai ga ni ina raɗa wa maigadi, "Don Allah, ina banɗaki?"

Na 'yan yara ne ya fi kusa, na tsugunne, ƙofarsa iya ƙirjina. Na shiga da kyar, Allah ya rufa asiri na kai. Na gama, na yi tsarki, na ce bari in tashi. Gwiwa ta ce ba ta san wannan ba. Na dafa bango, sumul yake, babu abin kamawa. Na kama ƙofa, na ji 'yan ƙusoshin da suka riƙe ta suna shirin fita, aikin wani ragon kafinta. Na dafa ƙasa, wuyan hannu ya yi min wani irin suka sai da na ciji leɓe. Na samu dai na ja wando, na ci gaba da zama a tsugunne, ƙato da ni, a banɗakin yara.

Sai na ga ƙananan takalma ta ƙarƙashin ƙofar. Aku ce. Ta tsaya ta ba ƙofar baya. Wani yaro ya nufo, ta ce, "Akwai mutum! Je ka wancan." Wani ya sake zuwa, ta kore shi. Can ta kwantar da murya. "Ka gama?"

"Saura kaɗan, uwata."

"To. Ina nan."

Ban san iya daɗewar da na yi ba. Ƙafafuna sun mutu, makaranta ta yi tsit. Sai na ji gudu, na ji haki.

"Yaya?"

Muryar Auta ce.

"Yaya, ni ne. Zan shigo."

Ya turo ƙofar yana kallon bango, bai yarda ya dube ni ba. Ya sa hannuwa a hammatata ya ɗaga ni cak, kamar ya ɗauki kujerar yara. Garin katako a gashinsa, zufa a wuyansa. Ashe ƙofar mutane ya jingine a bango ya taho. Na so in ce wa ya aike ka, na so in ce na gode, babu wanda ya fito.

A waje na gwada takawa. Gwiwar hagu ta cika wando tam, ƙafar ta ƙi ɗaukata. Maigadi ya zo yana ta ba da haƙuri, wai bai sani ba, Auta yana ce masa, "Yayana ne, shi ne mahaifinta." Ko wannan ma sai da shaidarsa aka yarda. Na dubi lungun nan har zuwa titi, na san ba zan kai ba.

Aku ta je gaban Auta ta ɗaga hannuwa sama yadda ta saba, tana jira ya durƙusa. Na kawar da kai. Da na juyo sai na ga ni take kallo, ni da ƙafar da na ɗage daga ƙasa. Ta sauke hannuwan a hankali. Ta gyara jakarta a baya.

"Baba," ta ce da Auta, "ɗauki Baba. Ni zan taka."

Babu wanda ya tambaye ta wa take nufi.

Auta ya juya min baya ya durƙusa. Na tsaya ina kallon bayan nan da na daɗe ina harara ta labule. Aku ta ce, "Hau mana, ba ya ka da mutum." Na hau.

Muka shiga lungu. Tana gaba da takalmana a hannu, don sun ƙi zama a ƙafata, tana faɗa wa mutane su ba da hanya. Tela ya ɗago kai ya ce sannu, Auta ya amsa a madadina. Tafiyarsa a natse take, babu girgiza, in zai tsallake kwata sai ya ƙara riƙe cinyoyina don kada gwiwar ta bugu. Na nemi aibu ɗaya da zan kama, ban samu ba. Bayan yaron nan da daɗin hawa, kuma ko ni ne Aku shi zan zaɓa.

"Yaya, na matse maka ƙafar ne?"

"Yi tafiyarka," na ce.

Na kifa fuskata a kafaɗarsa don kada ta waiwayo ta ga idona.