Agogon Alhaji Hamidu

Idan gaskiyar da mutum ya sani za ta raba marayu da gonarsu, shirunsa tausayi ne ko cin haƙƙi? An yi ta wannan gardama a Filinge, kuma har yau ba a samu wanda ya raba ta ba.

Jibo mai sayar da magungunan dabbobi ne a bakin kasuwa, amma ba da wannan aka san shi ba. Tun yana saurayi son agogo ya kama shi. A ɗakinsa akwai wani ɗan akwati da ya sayo a Yamai, mai karɓar lokaci daga tauraron ɗan adam, da fitila ja mai ƙyaftawa kowace daƙiƙa. Kusa da shi akwai wata tsohuwar na'ura mai ƙidaya bugun agogo. Da su yake gane wanda ke sauri da wanda ke ja da baya, da yadda zafin bazara ke canza tafiyar kowanne. Ba ya samun komai a ciki. Makiyaya masu zuwa sayen maganin tsutsa sukan zolaye shi, su ce ya auna musu numfashin raƙumi.

Agogon da ya fi ɗaukar masa hankali yana ɗakin Alhaji Hamidu, surukin ƙanwarsa Sakina. Tsohon agogon bango ne mai lilo, wanda ake ɗaure shi da mabuɗi, yana buga ƙararrawa kowace awa. Duk Juma'a Jibo yakan je gaisuwa, ya ɗauki bugunsa a salula, ya daidaita shi. Da bazarar bana ta kama sai ya daina taɓa hannuwan agogon. So yake ya ga iyakar jinkirin da zafi zai sa shi, don ƙarfen lilon yana miƙewa idan ɗaki ya yi zafi. Alhaji ya taɓa cewa a duba masa shi, Jibo ya ce Baba ya yi haƙuri sai ruwan farko ya sauka. A Juma'ar ƙarshe da ya je, agogon ya kusa minti ashirin a baya. Babu wanda ya lura. Agogon da ke hannun Jibo, wa zai yi zargin ya kuskure?

Washegari ciwon da Alhaji ya daɗe yana fama da shi ya tsananta. Aka kira ɗansa Isma'ila, mijin Sakina, wanda ya je cin kasuwa wajen Damana. Ya hau moto, wato babur, da gaggawa, wata babbar mota ta buge shi a hanya, ya cika a likitar Bonkuku. Majo mai kula da likitar ya duba salularsa, ƙarfe huɗu da minti goma. Shi kuwa Alhaji, matarsa Delu da duk waɗanda ke ɗakin sun ji agogo yana buga huɗu daidai lokacin da numfashinsa ya tsaya.

Bayan sadakar bakwai liman, Malam Abdurrazak, ya yi wa dangi bayani. 'Ya'ya biyu Alhaji ya bari, Isma'ila da wansa Sidi. Tunda uba ya riga ɗa da minti goma, Isma'ila ya ci gado kafin ya rasu, kuma rabonsa na gonar hatsi ya koma kan Sakina da 'ya'yanta uku. Da ɗan ne ya riga uban, ko kuma da ba a san wanda ya riga wani ba, jikoki ba su da komai, don baffansu ya tare su. Mutane suka yi ta girgiza kai suna cewa Allah ya yi wa marayu dabara. Liman ya ce abu ɗaya ya rage, a kira Jibo ya shaida cewa agogon daidai yake, sai a raba kafin shuka.

Jibo yana zaune a wurin, a bayan mutane. Ya yi lissafin tun liman bai rufe baki ba. Lokacin da agogon ya buga huɗu, Isma'ila ya riga ya cika. Ya tashi ya zame kamar mai zuwa kama ruwa, bai koma ba.

Da aka yi masa aike na farko, ya ce masassara yake yi. A na biyu ya ce shi mai maganin awaki ne, ba mai ba da shaida ba, su raba abinsu. Ya daina cin abincin kirki. Yakan zauna gaban akwatinsa da rana tsaka, shago a rufe, yana sake sauraron bugun da ya ɗauka, ko zai gano inda ya yi kuskure. Ya gwada ta nan, ya gwada ta can. Ya ce watakila wani ya taɓa agogon ranar Asabar, sai ya tuna a aljihunsa mabuɗin murfin yake. Ya ce watakila salular majo ce ba daidai ba, amma ya san salula daga rezon kamfanin waya take ɗaukar lokaci. Shekara da shekaru yana neman na'urar da ba ta kuskure, yau kuma yana roƙon ta kuskure masa sau ɗaya.

Ranar kasuwa ya haɗu da Sidi a wajen masu dabbobi, yana riƙe da igiyar bijimin da yake noma da shi. Sidi ya ce rabin gona ba zai ci da gidansa ba, zai sayar da bijimin ya tura babban ɗansa bakin teku neman aiki. Bai faɗi haka da ƙorafi ba. Jibo ya yi ta kewaye-kewaye, can ya tambaye shi, da a ce abin ya zo a juye, da zai ba 'ya'yan ƙaninsa wani yanki?

Sidi ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Kai dai Jibo da tambayoyinka. Ɗiya bakwai gare ni. Bari in gode Allah da bai jarrabe ni da wagga tambaya ba."

Daga nan Jibo ya wuce wajen Sakina, wadda ke cikin takaba. Ya same ta a gindin rumbu tana tankaɗe, ƙaramar 'yarta Hawa na barci a kan tabarma. Ya tsuguna, ya gaya mata komai da murya ƙasa-ƙasa, har da yadda ya bar agogon da gangan. Ba ta daina tankaɗen ba sai da ya gama.

"Wa ya sani bayan kai, Yaya?"

Ya ce babu kowa.

"To mi kake so in ce maka? Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka ce ba ka lahiya, ka ci gaba da rashin lahiyarka." Ta kaɗe hannuwanta. "Ka bar agogon tsoho ya lalace don wasanka, Allah ya sa wasan ya zama abincin ɗiyana. Yanzu kuma shi za ka gyara?"

Ya ce haƙƙin Sidi ne, kuma yaran za su girma suna cin abin da ba nasu ba. Ta ce su dai su girma tukuna. Ya ce shi zai ɗauki nauyinsu. Ta dubi tsofaffin takalmansa. Da zai tafi ta tambaye shi ko ya tabbata, tabbaci irin na rantsuwa. Ya so ya ce a'a, bakinsa ya ƙi. Ta juya masa baya.

Ya fito da niyyar yin shiru. Ya gaya wa kansa cewa bai yi shaidar zur ba, bai rantse ba, kuma wanda bai buɗe baki ba ba a kama shi da magana. Niyyar ta riƙe shi har safiyar rabon, lokacin da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, mutane suna gyaran kalme da iri. Wani maƙwabcinsa da ya biyo ta shago ya ba shi labari cewa tunda ya ƙi zuwa, liman ya ce Inna Delu za ta dafa Alƙur'ani ta rantse mijinta ya cika ƙarfe huɗu. An ce tsohuwar ba ta ko yi jinkiri ba. Cewa ta yi agogon da Jibo ke dubawa bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Jibo ya daɗe riƙe da kwalbar maganin da yake zubawa. Sai ya ajiye ta, ya ja ƙofar shago.

Zauren liman ya cika. Sidi yana gefe ɗaya da dattawa, Delu ta yi alwalla tana zaune a kan buzu, an ɗora Alƙur'ani a gabanta. Ta bayan zana Jibo yana jin motsin mata, ya kuma ji muryar Hawa tana neman ruwa. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa. Liman ya ɗago kai, ya yi murmushi, ya ce ashe mai masassara ya warke.

"Allah gafarta Malam, a dakata. Inna, ɗauke hannunki."

Delu ta dube shi, hannunta a sama.

"Agogon shina baya," in ji Jibo. "Ni na bar shi haka. Isma'ila ya riga Baba."