Zumar Malam Maiwada

Tun kafin nas ta gama warware tsumman, Sa'adiya ta gane warin. Wani zaƙi-zaƙi ne a ƙarƙashin ɗoyi, irin wanda ke bugun hancinta duk sanda ta buɗe farantin da ta raini wata ƙwayar cuta a ɗakin gwaji. Da aka ɗaga naɗin ƙarshe sai ga mugunya kore-kore ta cuɗe da zuma, yatsu uku na ƙafar mahaifinta sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi.

"Yau kwana nawa?" ta tambayi yayanta Mus'ab, wanda ya raɓe a jikin bango.

"Sati huɗu. Kututturen kara ya taka a gona."

"Sati huɗu, Yaya, sai yau da safe kake kirana?"

"Shi ya hana. Ya ce magani na gida, me za a ɗaga miki hankali. Yau ma don zazzaɓi ya kayar da shi a ƙofar masallaci ne muka samu muka ɗauko shi."

Malam Maiwada na kwance yana jin su, gumi na bin furfurarsa. Shekara tara ke nan yana fama da ciwon suga, amma bai hana shi hawa ɗorawa da kaɗanya yana ɗaura amya ba. Duk garin Ƙarfi babu wanda ya kai shi zuma. Sa'adiya ce 'yarsa da ta yi boko mai zurfi, tana aikin gwajin jini a Funtua, daga can ta shigo bas zuwa wannan asibiti na Malumfashi ko kalaci ba ta yi ba.

Likita ya yafito su waje, ya ɗaga hoton ƙafar a hasken taga.

"Cutar ta ci ƙashi, ta fara shiga jini. In mun yanke ƙasa da gwiwa yau, akwai fata. Gobe ban yi muku alkawari ba. Sai dai ya ƙi sa hannu. Wai 'yarsa ta gwada zuma da na'ura, ta fi mu sani. Ke ce?"

"Ni ce," in ji Sa'adiya.

Shekara biyu ta yi a kan binciken, lokacin da take digiri na biyu a Zariya. Daga amyar mahaifinta ta ɗebi zumar. Takan zuba wa ƙwayoyin cutar 'yar kaɗan, wadda ba ta isa ta kashe su ba, sannan ta auna waɗanne ƙwayoyin halittarsu ne ke aiki, waɗanne suka kwanta. Waɗanda ke sa su fitar da yauƙin da suke lulluɓa da shi don kada magani ya kai gare su, sun yi ƙasa sosai. Waɗanda suke yi wa juna ishara da su kafin su saki dafi, su ma sun lafa. Sau uku ta maimaita, sau uku ta samu haka.

Da Babbar Sallah ta zo gida, ta zauna gefen tabarmarsa ta ce, "Baba, zumarka kurmantar da su take yi. Ba sa jin junansu, ba sa iya yin garkuwa." Ranar ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai Allah ya riga ya faɗa akwai waraka a cikinta. A shafin ƙarshe na littafin bincikenta ta rubuta cewa duk wannan a faranti ne, ba a gwada a jikin mutum ba. Ba ta faɗa masa wannan ba. Ta ga yadda yake murna, ta bar shi da ita.

Ta koma ɗakin ta ja kujera kusa da kansa.

"Baba, sannu."

"Yawwa. Kin zo ki gaya musu? Su mai da ni gida. Haƙuri ne kawai abin yake so."

"Baba, abin da na gani a faranti ne. Ƙafa daban ce. Jini ba ya isa yatsunka yadda ya kamata saboda sugan, cutar kuma ta shige cikin ƙashi, inda zuma ba ta kaiwa."

"Ƙwayar da ke farantin, ba ita ce a ƙafata ba?"

"Ita ce."

"Zumar, ba tawa ba ce?"

"Taka ce."

"To, me ya rage?" Ya yi ƙoƙarin ɗagowa. "Ko tana yi, ko ba ta yi, Sa'adiya. Da bakinki kika faɗa. Wa ya taɓa ganin mai ƙafa ɗaya a kan ɗorawa? In sun yanke, me zan koma, abin ajiyewa a zaure?"

Ta sake gwadawa. Ta kawo misalin ruwan da ke kashe garwashi amma ba ya kashe gobarar rumbu. Ya ce a ƙara ruwan. Ta ce ana kwantar da ƙwayar ne, ba a kashe ta. Ya ce kwantacce ai ba ya cizo. Duk ƙofar da ta nufa sai ta tarar maganarta ce ta Sallah ya tokare da ita. Tana kallo nas ta cire ma'aunin zafi daga hammatarsa, ta duba, ta fita da sauri. Jan layi ya riga ya hauro daga idon sawu yana neman gwiwa.

Sa'adiya ta kalli tafin hannunta.

"Baba, ba ta yi."

Ya juyo da kai.

"Na'urar ce ta yi kuskure. Bayan Sallah na sake gwadawa, ban ga komai ba. Zumar ba ta taɓa su ba. Kunya ce ta hana ni faɗa maka."

Malam Maiwada ya daɗe yana dubanta, da irin duban da yake yi wa amyar da ya hau ya tarar ƙudan sun gudu.

"Shekara biyu," ya ce a hankali. "Kika bar ni ina faɗa a kasuwa."

"Ka yafe mini, Baba."

Ya ce wa Mus'ab, "Kira likitan, ya kawo takardar." Da aka kawo ya dangwala babban yatsa, ya mai da fuskarsa bango.

A baranda Mus'ab ya tare ta. "Da gaske kuskure ne?"

"A'a. Daidai ne. Har gobe daidai ne."

Ya je ya zauna a benci ya dafe kai.

Bayan azahar aka turo gadon za a shiga da shi ɗakin tiyata. Har an wuce Sa'adiya, sai ya ɗaga hannu aka tsaya. Bai kalle ta ba, rufin baranda yake kallo.

"Akwai Raudatu, matar Isah mai injin niƙa. Ɗinkin haihuwarta ne ya buɗe, kwana goma ke nan. Akwai Sada na rugar bayan gari, shi ma ƙafa ce. Sun so zuwa asibiti, ni na hana su. Na ba su zuma, na ce 'yata ta gwada." Ya sauke hannun. "Ba za su ji ta kowa ba sai taki. Ki je ki gaya musu yadda kika gaya mini."

Aka tura gadon, ƙofa ta rufe.

Ta so ta zauna a nan har a fito da shi, ko da rai ko babu. Ta yi tsaye tana kallon ƙofar, sannan ta miƙa wa Mus'ab jakarta, ta ce ya kira ta ko me ya faru. A bakin asibiti ta tsai da keke-napep, ta ce tashar Ƙarfi. Ta gyara mayafi, ta fara maimaita maganar a ranta, don kada muryarta ta yi rawa a gaban Raudatu.