Launin Tsakiyar Tuta

Auta na ƙoƙarin maƙala wa mahaifinta lambar girma a ƙirji.

"Baba, yau dai ka ambaci Inna."

Tsohon telan ya kalli keken ɗinkinsa da aka lulluɓe a lungun shago. Shi ya ɗinka tutar ƙasar ta farko, kuma 'yan rediyo na kan hanya don su ji labarin daga bakinsa.

"Zan faɗa," ya ce. "Ke dai kin cika naci, kamar uwarki."

Littafin makaranta ya ce ratsin da ke tsakiyar tutar, mai ja-ja fari-fari, launin alfijirin 'yanci ne. Gaskiyar kuwa a cikin baho ta faru. Ana jibi za a karɓi mulkin kai aka kawo masa yadi launi uku: ja, fari da kore. Shi kuma ba ya sa almakashi a sabon yadi sai an jiƙa shi, don kada ya tsuke bayan ɗinki. Ya miƙa wa matarsa. Ga goyo na tsala kuka, ga ruwa ya yi ƙaranci, sai ta tsoma ja da fari a baho ɗaya. Jan ya zuba. Farin ya fito kamar ruwan da aka wanke nama.

Babu wani yadin, babu lokaci. Haka ya ɗinka, yana jiran a ɗaure shi. Kafin ya kai tutar ya danƙara wa matar saki uku, ta fita da goyonta. Goyon nan ita ce Auta.

Da tuta ta hau sama, wani babba ya ɗaga kai ya ce, "Kun ga alfijir!" Wuri ya kaure da tafi. Shi ke nan kuskure ya zama doka, tela ya zama gwani, ita kuwa ta ci gaba da zama matar da ta ɓata yadi. Yanzu tana kwance a ɗakin Auta, ƙafafu sun daina ɗaukarta, kuma Auta ba ta son ta bar duniya ba ta ji ya wanke ta da bakinsa ba.

Ma'aikaciyar rediyo ta iso, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kunna na'ura.

"Baba, tun muna firamare muke rera waƙar tutar nan. Yaya aka yi launin alfijir ya zo maka?"

Ya buɗe baki. Auta ta zuba masa ido. Ya dubi na'urar, ya dubi mutanen layi da suka cika ƙofar shago, har da masu ɗora yara a kafaɗa.

"To," ya ce, "ran nan na fito da sassafe, na ɗaga kai sama..."

Daga nan labarin ya ja kansa, don harshen ya saba da hanyar. Auta ta fice ta jingina da bango.

Sai da motar 'yan rediyo ta tashi ya fito yana dogara sanda.

"Kira min su. Na manta wani abu."

"Ba mantawa ka yi ba, Baba."

Bai musa ba. Ya tsaya yana kallon kwanar da motar ta sha, nadama ƙarara a fuskarsa, amma an riga an naɗi maganar an tafi da ita.

Ran da za a sa shirin, Auta ta so ta ce wa Inna batirin rediyo ya mutu. Ta tarar Inna ta sa an jingina ta da filo, rediyo a kan cinya, har ɗankwali ta sauya. Tsohuwar ta saurara tun daga gaisuwa har kiɗan rufewa.

Auta ta kasa haɗa ido da ita.

"Inna, wataƙila yankewa suka yi. Sun saba."

Inna ta kashe rediyon, ta daɗe tana shafa shi.

"Muryarsa ta tsufa," ta ce. "Kina dai kai masa abinci da zafinsa ko?"