Nauyin Kaya, Nauyin Jariri

Tun da ta fara aiki a kamfanin haɗa manhajar kwamfuta take faɗa a raba rumbun. Rumbu shi ne inda suke ajiye rubutun manhaja da tarihin duk sauyin da aka yi mata. Nasu ɗaya ne tak, an cusa komai a ciki: manhajar masu jigilar kaya, ta wata makaranta, da ta asibitin yara wadda ke lissafa magani bisa nauyin yaro. Kowa ya tura abin da ya ga dama, ba mai duba na wani. Duk asuba kuma na'ura ta kwashe abin da ta tarar ta aika wa masu amfani, tsarin da Oga, mai kamfanin, ya yi don kada a riƙa damunsa.

"Malama Gyara, kin fara ko?" Oga kan ce yana dariya. "Shekara nawa muna haka, wa ya mutu?"

Ran nan da hantsi tana duba tarihin rumbun, sai ta ga sauyin da abokin aikinta Dogo ya tura jiya. Layi ɗaya ne a fayil ɗin lissafin nauyi. Bayanin da ya rubuta kawai shi ne "ɗan gyara".

"Dogo, mene ne wannan?"

Sai da ta buga teburinsa ya cire abin kunne.

"Masu jigila ne. Sun ce kaya in ya haura kilo biyu ko da ƙiris ne, a cike shi uku. Kafin shayina ya huce na gama."

"Su wa kuma ke amfani da fayil ɗin?"

"Su kaɗai mana."

"Ka duba?"

Ya sosa ƙeya.

Ta buɗe manhajar asibitin, ta saka nauyin jariri kilo biyu da ɗigo ɗaya. Allon ya nuna uku. Adadin maganin da ke ƙasa ya bi shi ya hau. Ta sake gwadawa. Uku.

Oga ya fito daga ofishinsa da biskit a hannu. Ya kalli allon, ya daina tauna.

"Mayar da shi yadda yake. Kada ki kira kowa tukuna, mu fara sanin abin da za mu ce musu."

"Abin da za mu ce? Oga, tun asuba suke aiki da shi!"

"Ki rage murya, haba."

Ta riga ta danna lambar yayarta, wadda nas ce a ɗakin jariran asibitin. Wayar ta yi ta ƙara har ta yanke. Ta sake kira. Dogo ya tsaya a bayanta, ya kasa zama.

"Auta, lafiya?" in ji yayar. "Ina tsakiyar aiki, ke kuma ba kya kira sai kina son wani abu."

"Yaya, don Allah ku bar lissafin kwamfuta. Kada a ba kowane yaro magani da shi, ku lissafa da hannu."

"Na safe ai mun gama bayarwa tun ɗazu. Me ya faru?"

Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta jiyo wata mata daga nesa tana kiran nas, tana ƙara kira.

"Tsaya, Auta. Uwar 'yan biyun nan ce, wai ƙaramin ya ƙi farkawa."

Yayar ta ajiye wayarta ba ta kashe ba. Su ukun suka tsaya kewaye da wayar Auta, suna jin takun gudu a kan siminti.